Tuwon da Ke Tsakanina da Surukina

Tun da na dawo daga ƙasar Kebbe ba a bar ni na yi aiki ba. Duk wanda ya kawo waya gyara sai ya ja benci ya zauna, ya ce, "To, Nasiru, wai mi yaf faru da kai can?" Wani ya ji an ce aljani ya hau ni. Wani an ce masa na mutu na dawo. Shi kuwa Bala mai cajin waya, wanda muke rumfa ɗaya da shi a bakin tashar Tambuwal, yana bin mutane yana cewa tsabar son tuwon surukai ne ya kayar da ni. Na gaji da maimaitawa. Ga shi na rubuta, wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa ya karanta da kansa.

Sai na fara da jikina, don in ba a gane shi ba, ba za a gane tafiyar ba. Ciwon suga gare ni, amma ba irin na manya ba, wanda ake shan ƙwaya a rage tuwo. Nawa tun ina firamare ya same ni. Likita ya ce garkuwar jikina ce ta rikice, ta far wa ɗan wurin da ke yin insulin a cikina ta kashe shi, kuma ba zai farfaɗo ba. Abin da cikin kowa ke yi masa kyauta, ni da sirinji nake yi. Kwalba biyu gare ni. Ɗaya mai aiki a hankali, tana riƙe ni yini da kwana. Ɗaya mai sauri, ita ake yi in za a ci abinci, a auna ta daidai da abin da ke cikin kwano. In allura ta gaza, suga ya hau, mutum ya wuni yana shan ruwa yana zagayawa, ciwon yana cin sa a hankali. In kuwa aka yi allura ba a ci ba, suga ya faɗi, wannan ba ya ba mutum lokaci. Shi ya sa ba na fita ko nan da can sai da wata 'yar leda mai dabino da sugan kwali. Mutane kan yi dariya in sun ga mai ciwon suga yana yawo da suga, ni kuwa na daina yi musu bayani.

Rasuwa ce ta tayar da tafiyar. Inna, mahaifiyar matata Balki, Allah Ya yi mata cikawa a ƙauyensu, gaba da Fakku kaɗan. Balki ta tafi can tun ranar, yayanta Mamman ya zo da babur ya ɗauke ta. Ni na biyo baya don in samu addu'ar uku.

Zan faɗi wani abu da za ku ce ƙarya ne. Duk shekarun da na yi da Balki ban taɓa ganin fuskar Inna sosai ba. Mu a Tambuwal kunyar surukai ta tsaya ga durƙuso da sunkuyar da kai. Can ƙauyensu abin ya wuce nan. In na je gaisuwa, bayan asabari take tsayawa, muryarta kawai nake ji, sai kuma hannunta mai warwaron tagulla in ya turo mini kwano ta ƙarƙashin asabarin. Suruki ba ya cin abinci a gaban mahaifin matarsa, ko ruwa ba ya sha. Shi ma mahaifin ba ya ce masa ci, don faɗin haka kunyatarwa ce. Na daɗe ina yi wa Balki ba'a da wannan, ina cewa danginta sun fi son baƙo ya mutu da ladabi.

Ƙarshen damina ne. Na shiga wata ƙaramar mota ta Kebbe da aka cusa mu har ba inda za ka sa gwiwa. Muna cikin tafiya na ciro na'urar gwaji na soki yatsa, don in san inda nake. Wata dattijuwa da ke manne da ni, da kaji biyu a cinyarta, ta leƙo.

"Subhanallahi! Ɗan nan, jininka kaka aunawa?"

Na ce, "Suga gare ni, Goggo."

"Kai da ƙuruciyakka? Ai wanga ba komi ba na. Ka samu maɗaci da shuwaka ka jiƙa, ka sha da safe. Ƙanena da shi yaw warke sarai."

Na ce, "Allah Sarki. Yana ina yanzu?"

"Ya rasu bara."

Duk wanda ya ji sunan ciwona sai ya zama likita nan take, daga direba har kwandasta, kuma maganin kowa ɗaci ne. Na yi mata godiya, ta ba ni goro.

A Kebbe na sauka wajen Atiku, ɗan kawuna mai sayar da takin zamani. An tarbe ni da fura mai kauri da nonon da ba a tsinka ba, irin wadda ba ma samu a tasha. Ita fura wuyar aunawa gare ta, ba ka san yawan geron da aka dama ba, don haka na yi allura da taka-tsantsan na sha rabi, Atiku ya shanye sauran yana yi mini tsiya. Babu wuta a unguwar, insulin kuma zafi ke lalata ta. Sai na yi abin da nake yi a gida: na jiƙa safa, na sa kwalaben a ciki, na tura gindin randar ruwa inda ƙasa ke da sanyi. Kuskuren shi ne ban gaya wa matar gidan ba.

Da safe salatin Luba matar Atiku ne ya fito da ni daga ɗaki ba takalmi. Na same ta tsakar gida, ta ɗago safata a kan muciya, ta miƙe hannu nesa da jikinta, ta nufi murhu.

"An yi muna asiri! Atiku, fito ka gani! Kwalabe cikin safa, gindin randata!"

Ban san lokacin da na tsallake turmi ba. Na cafke safar tana dab da wuta. Da aka gane, Atiku ya yi dariya har ya zauna ƙasa, Luba ta shige ɗaki don kunya. Ni ma na yi dariyar, amma na ƙanƙame safar a ƙirjina, don a duk faɗin wurin ban san inda zan samu wata kwalbar ba.

Daga Kebbe sai kabu-kabu, wato babur na haya. Atiku ya haɗa ni da wani Shehu, mutumin Jabo, dogo marar magana. Na sa safar cikin ƙaramar kula, na ɗaure jaka da ledar tsaraba a baya, goro da sabulu, na rataya ledar dabinona a jikin jakar. Mun ɗan yi nisa muka iske shingen 'yan sa-kai, itace a gicciye da maza da bindigogin gida. Suka ce in buɗe kaya. Da babbansu ya ga sirinji sai fuskarsa ta sauya.

"Wa kaka kai ma allura cikin daji?"

Na gane abin da yake nufi. A yanzu wanda aka gani da magani a wannan hanya, zaton farko shi ne mutanen daji yake kai wa. Na ɗaga riga na nuna masa cikina, duk tabon allura. Ya duba, ya kira wani ma ya duba, har wani tsoho ya sa yatsa ya taɓa. Shehu ya ambaci sunan surukina, sai aka ɗage itacen, aka yi mini ta'aziyya, aka kuma ba ni shawarar in gwada shuwaka.

Bayan shingen hanya ta tsuke. Dawa ta yi tsawo dama da hagu, ba ka ganin komai sai abin da ke gabanka. Muka ɓullo wani ɗan ƙauye, na gyara murya zan yi sallama kamar yadda muka saba, Shehu ya dafa gwiwata ba tare da ya waiwayo ba.

"Ba a sallama nan."

Sai a lokacin na lura. Ƙofofi a buɗe, ciyawa ta fito cikin zaure, turmi a tsaye tsakar wani gida da ruwan sama a ciki. Ba kaza, ba hayaƙi. Mutanen sun tashi tun kafin shuka saboda rashin kwanciyar hankali. A ƙarƙashin wata tsamiya na hangi mutum zaune ya ba mu baya, lulluɓe da farin zane. Na tambayi Shehu wane ne. Ya ce bai ga kowa ba, kuma in daina waige. Tsigar jikina ta tashi, har na soki yatsa da muka tsaya gaba, don wani lokaci faɗuwar suga kan sa ni ganin abin da babu. Lambar da na'urar ta nuna lafiya lau take. Na mayar da na'urar jaka ban gaya wa Shehu ba.

Kusa da Fakku ruwa ya cinye hanya. Muka sauka muka tura babur cikin laka, tafiya mai tsawo, har numfashina yana fita sama-sama. Irin wannan wahalar ƙone suga take yi a jiki ko bayan an huta, kuma ranar ba ita kaɗai ba ce, don muna isa aka ɗunguma da ƙafa zuwa maƙabarta aka yi wa Inna addu'a, aka dawo cikin rana.

Mamman ne ya karɓi kayana da na iso, ya kai wani ɗan ɗaki da ke jikin zaure, inda ake sauke baƙo irina. Zauren cike yake da maza. Balki tana ciki wajen mata, ko muryarta ban ji ba. Gidan rasuwa ba a hura wuta, maƙwabta ke kawo abinci, ba wanda ya san lokacin da zai zo. Saboda haka na ƙi yin allura sai na ga kwano da idona. Bayan azahar Mamman ya shigo da shi, an rufe da faifai, ya ajiye ya fita ya saki asabari. Sun keɓe ni ne don in ci a sake, ba a gaban manya ba.

Na ɗaga faifai. Tuwon dawa ne, malmala manya, da miyar kuka tana tururi. Na auna shi da ido, na ja allura mai sauri daidai da shi, na yi a cinya. Na laluba jikin jaka don in matso da ledar dabinona kusa, na ji babu. Na juye jakar, babu. Na ce a raina ba komai, ga tuwo a gabana. Ita wannan allurar tana son a ɗan ba ta lokaci kafin a fara ci, don haka na mayar da faifai, na wanke hannu, na zauna ina jira.

Sai na ji sallama. Asabari ya ɗaga, Baba ya shigo.

Ba zan rubuta sunansa ba, ban taɓa faɗinsa da bakina ba. Dogon tsoho ne, manomi mai 'yan shanu, wanda bai taɓa zama da ni a ɗaki ɗaya ba. Na zabura na durƙusa. Ya ce in zauna, shi ma ya zauna a bakin tabarma, kwanon yana tsakaninmu. Bai ko dube shi ba. Girmamawa ce ya zo yi mini, don na taso daga nesa. Ina jin kuma ya gaji da zauren ne, yana neman wanda zai yi wa zancenta.

"Ɗana, ka sha hanya."

Na ce, "Ba komi, Baba. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abucinai." Ya ja tasbaha. "Ka san ranar nan lafiya lau tat tashi. Ita tad dama mani fura."

Daga nan ya ɗauko. Yadda take ajiye irin gero a tulu ta toshe da toka. Yadda ta yi jinyar wata saniya da kowa ya ce a yanka. Yadda jiya ya shiga gida ya buɗe baki zai tambaye ta inda ta sa masa hula. Yana magana a hankali, yana tsayawa, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Ni kuwa kaina a sunkuye, ina amsawa da "Allah Ya jiƙan ta," ina jin ƙamshin miya, ina kuma jin allurar ta fara aikinta.

Na san alamun kamar yadda na san hanyar gidanmu. Zufa ta fara tsattsafo mini a goshi alhali ɗakin da sanyi. Yatsuna suka ɗauki rawa, na cusa su ƙarƙashin cinya. Leɓena ya yi nauyi. Za ku ce me ya hana ni magana, Bala ma abin da ya fara tambaya ke nan. To, ku gaya mini da wane baki. In ce wa mutumin da ya binne matarsa shekaranjiya, yana tsakiyar kuka, ya tashi ya ba ni wuri in ci tuwo? Ko in buɗe kwano a gabansa in kai loma? Na ce bari ya kai ƙarshen wannan maganar. Ya kai, ya shiga wata. Kuma akwai abin da masu lafiya ba su sani ba: in suga ya fara faɗuwa, dabara ce ke fara barin mutum. Kana ganin abin da zai cece ka a gabanka, amma yadda za ka miƙa hannu ya ɓace maka.

Muryar Baba ta yi nisa, kamar daga cikin rijiya yake magana. Hasken da ke shigowa ta tsakanin karan asabari ya koma rawaya. Na ji ɗakin ya yi tsit, har surutun zaure ya ɗauke, sai bugun zuciyata kawai. Tsoro ya kama ni ƙwarai, na san ina tafiya.

Sai asabarin ya motsa. Na ga ƙafafu a ƙarƙashinsa, na mace, tsaye a waje. Hannu ya shigo ta ƙasa, da warwaron tagulla, ya miƙo har tsakiyar ɗaki, tsawon da hannun mutum ba ya kaiwa. Ya dafa kwanon ya turo shi wajena a hankali. Na ji ƙarar gindin kwano a kan tabarma. Ban ji mamaki ba ko kaɗan, kunya kawai na ji, na ƙara sunkuyar da kai kamar yadda nake yi mata. Iyakar abin da na sani ke nan.

Sauran daga bakin Mamman da Balki na ji. Wai na ɗago kai na dubi Baba ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba, na ce da wata siririyar murya, "Malam, ka cika zance. Bar baƙo shi ci abinci." Sannan na kife gefe, jikina yana karkarwa, idona a buɗe.

Baba ya yi salati, maza suka cika ɗakin. Wasu suka ce iska ce, na kwaso ta a hanya, wataƙila a ƙauyen nan da ba kowa. Liman ya dafa kaina yana tofi. Mamman, da yake ya san ina da ciwon suga, ya ce a'a, ciwon ne ya tashi, suga ya hau masa kai, a yi maza a kawo abu mai ɗaci. Nan da nan aka dako shuwaka aka tace. Mutum biyu suka tallafe ni, ɗaya yana ƙoƙarin buɗe haƙorana da ludayi. Duk cikin ƙauna suke yi.

Wata mata da ta fito karɓar kwanuka ita ta kai labari ciki. Balki ta ce ba ta san ta ratsa zauren ba, ita da ko gaban gidan ba ta tsayawa in akwai maza. Ta fito da ɗankwali kawai, da gorar zumar Inna a hannu. Ta buge ludayin ya zube.

"Ku ba ni wuri! Ku kwantar da shi ta gefe!"

Mamman ya tare ta. "Ke Balki, kin haukace? Zuma ga mai suga? Ɗaci shi ka kashe zaƙi!"

"Yaya, suga nai ba hawa yay yi ba, faɗuwa yay yi. In kunka ɗura mai ruwan ga, gobe addu'a biyu za ku yi gidan ga."

Wai Baba ne ya ce a bar ta. Ta lakato zuma da yatsa tana shafa mini a dasashi da cikin kumatu, kaɗan-kaɗan don kada in shaƙe, tana kiran sunana a gaban ubanta da liman da kowa. Abin da na fara ji da na dawo shi ne zaƙi, sai ciwon kai, sai fuskarta a kaina duk hawaye da majina. Ban taɓa son ta kamar lokacin ba, ban kuma taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da na iya haɗiya ta ba ni fura da suga, ta kori kowa, ta tsaya a kaina har na cinye tuwon nan da ya riga ya huce.

Ledar dabinona kuwa, Mamman ya zo da kansa ya ba da haƙuri. Ya haɗa ta da tsaraba ya kai ciki, an raba wa mata sadaka. "Na ga dabino da suga," in ji shi, "nac ce mi mai suga za shi yi da su?"

Da yamma sugan ya yi sama, kamar yadda yakan yi bayan irin wannan, na bi shi da allura 'yar kaɗan don tsoron kada in sake komawa. Amma ba jikina ne ya dame ni ba. Mutane suka riƙa zuwa bakin asabari suna leƙe suna komawa. Wata tsohuwa ta durƙusa daga waje ta gaishe ni gaisuwar da ba ta dace da shekaruna ba. Bayan la'asar liman ya yi magana a zaure, ya ce wanda ya tafi ya tafi, ba ya dawowa ta bakin kowa, abin da ya faru ciwo ne. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Yunwata ce ta rasa bakin da za ta yi magana da shi ta ari na Inna, wataƙila na taɓa jin ta faɗi haka daga bayan asabari na manta. Sai dai Mamman ya ja ni gefe ya ce kalmomin nan su ne nata, haka take ce wa Baba duk lokacin da ya tsare baƙo, har da yadda take jan "Malam" ɗin. Na tambayi Balki ko gaskiya ne. Ta ce in sha ruwa in kwanta.

Washegari da hantsi Shehu zai zo ya ɗauke ni. Aka kawo ɗumame, aka rufe da faifai. Na soki yatsa, na duba kwano, na rage allurar saboda abin da ya faru da kuma lakar da ke jirana a hanya. Ina cikin zare sirinji daga cinyata sai na ji sallama, kafin in amsa Baba ya shigo. Ya ga komai. Ya zauna daidai inda ya zauna jiya.

Na durƙusa na ce, "Baba, a gafarce ni. Abin da nac ce jiya ban san na ce ba."

Ya dubi sirinjin ya ce, "Ita ta wagga? In ka yi ta ba ka ci ba, shi na kaka tafiya?"

Na ce, "Eh, Baba."

"Ka gane ta?"

Na san Inna yake nufi, na so in ce a'a. Na ce, "Hannunta na gani. Ko jiya bayan asabari tat tsaya."

Ya yi wani ɗan murmushi. Sai ya miƙa hannu ya ɗora a kan faifan da ke rufe da kwanon. Ya bar shi nan. Hannu ne babba, duk kanta, ya rufe kusan rabin faifan.

"Ɗana," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, yana duban ƙofa. "Ba ta yi mani sallama ba. Ina gona anka kira ni, kafin in iso ta cika. In da za ka ɗan jinkirta kaɗan... ba irin na jiya ba, kaɗan ɗai. Ko kalma guda."

Akwai 'yar kwalbar zuma a aljihuna, Balki ta sa mini, kuma na riga na ƙudurta cewa ko gaban wa ne zan sha. Amma wallahi ban tuna da ita ba. Tausayinsa ya kama ni har na ji kaina ya fara lissafi, wai ko zan iya ɗan jira, tunda na rage allurar, tunda Balki tana kusa. Wannan lissafin shi ya fi ba ni tsoro a duk tafiyar, ya fi ƙauyen da ba kowa, ya fi hannun jiya.

Na ce, "Baba, in na jinkirta ina iya ganinta. Amma ba ni da tabbacin in dawo in gaya maka. Sai dai Balki ta rasa biyu."

Ya dubi hannunsa a kan faifan. Sannan ya ce, "Astagfirullah," ya sake cewa, ya sake. Ya ɗage faifan da kansa, ya turo mini kwanon har ya taɓa gwiwata.

"Ci."

Na jira ya tashi, bai tashi ba. Na jira ya kawar da kai, bai kawar ba. Na sa hannu na yanko loma a gaban mahaifin matata, na kai baki. Har na sauke kwanon idonsa yana kan bakina loma bayan loma. Na hau bayan Shehu ina juya abin, na iso Tambuwal ina juya shi. Har yau ban sani ba, tsaya ya yi ya tabbatar na ƙoshi, ko jira yake ko za ta sake magana.